Zafi a man da ke tsakanin haƙoran giya: me ya sa lissafina yake watsewa?

Dalibi_Tiraibo
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Kuka na kawo. Wata huɗu ke nan ina rubuta kod na EHL, wato lissafin siririn man da ke raba ƙarafa biyu masu lotsawa a ƙarƙashin babban matsi, don aikin digirina na biyu, a kan haɗuwar haƙoran giya masu miƙaƙƙen haƙori, ƙarfe da ƙarfe. Muddin na ɗauka zafin ɗaya ne ko'ina, lissafin yana zama lafiya lau: ikweshin Reynolds mai ba da matsin man, lotsawar ƙarfe, daidaita nauyi, duk suna haɗuwa, har ɗan tsinin matsin nan na kusa da mafita yana fitowa. Matsin Hertz, wato mafi girman matsin haɗuwar idan babu mai, 1.4 GPa ne, ɗigo 513 a raga, filin lissafin daga -2.5 zuwa 1.5 na rabin faɗin Hertz, danƙon mai kuma da dokar Barus ta hawan danƙo da matsi. Amma ranar da na ƙara ikweshin makamashi don in samu zafi, shi ke nan. Kafin zagaye na goma zafin ya kai digiri dubbai, daga nan sai NaN, wato kwamfuta ta kasa ba da lamba. Tambayata biyu ce. Ina kuskuren yake? Sannan, tsakani da Allah, zafin nan dole ne? Na gwada kaurin man da na samu da fomular Dowson da Higginson, bambancin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. To me zai sa in ƙara kashe wata uku?

Malam_Maltigirid
Wa alaikumus salam. Kafin mu je ga zafi, duba mashigarka, wato inda man ke shiga tsakanin haƙoran. -2.5 ya yi gajere. Kana datse wa man hanya tun bai gama tara matsi ba, sai kod ɗin ya ɗauka man ne ya yi ƙaranci. Ja shi zuwa -4.5, in gudun yana da yawa ma ka wuce nan, har sai ka ga kaurin ya daina motsi. Ba shi ke kashe maka lissafin zafi ba, amma wannan kashi 10 da kake tinƙaho da shi, mai yiwuwa kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri.

Yar_Riyoloji
Barus a wannan matsin, kuma da mai irin na Newton, wanda danƙonsa ba ya sauka komai saurin jan da aka yi masa? Ɗan'uwa, kod ɗinka bai yi laifi ba, abin da ka ba shi ya mayar maka. Ɗauki biro mu yi. Ka ce danƙon man a waje 0.02 Pa·s ne, alfa, adadin hawan danƙo da matsi a dokar Barus, kuma 20 a kowane GPa. A matsin GPa 1 kawai, Barus zai ninka danƙon sau kusan miliyan 485, ya koma wajen miliyan 10 Pa·s. Yanzu ka ce haƙori ɗaya yana zamewa a kan ɗaya da mita 1 a daƙiƙa, kaurin man kuma maikiron 0.2. Saurin zamewar fallayen man ke nan miliyan 5 a daƙiƙa. Ninka su. Ƙarfin jan da zai fito GPa dubu 50 ne, a wurin da matsin kansa GPa 1 ne. A gwaji kuwa ma'aunin gogayyar irin wannan haɗuwa yana yawo ne tsakanin 0.02 da 0.1. Ikweshin makamashi yana ɗaukar wannan mahaukacin adadi ya ninka shi da gudu ya ce ga zafi. Ina mamakin ma da ya kai zagaye goma.

Dalibi_Tiraibo
Innalillahi. Ban taɓa zama na yi wannan lissafin da hannu ba. To in cire Barus in sa Roelands?

Yar_Riyoloji
Roelands ta 1966 za ta rage haukan, don ba ta hawa da sauri kamar Barus ta 1893 in matsi ya yi yawa. Amma ba ta isa ba. Dole man ya zama mai sakin jiki in an ja shi da ƙarfi.

Malam_Maltigirid
@Yar_Riyoloji, na yarda da lissafinki amma ban yarda cewa shi kaɗai ne sanadin watsewar ba. Cheng da Sternlicht sun warware matsalar zafi tun 1965 da mai irin na Newton, kuma lissafinsu ya zauna. Dalili shi ne zafin da kansa yana sauke danƙon, danƙon da ya sauka kuma ya rage zafin. Matsalar yaron nan ita ce zagayen farko yana farawa da mai mai sanyi, sai ya samu zafi mai ban tsoro, zagaye na biyu man ya koma kamar ruwa, zafin ya ɓace, na uku ya dawo. Lilo ne. Ka riƙa karɓar ɗan kaɗan daga sabon zafin a kowane zagaye, ko da kashi 5 cikin 100 ne da farko. Kuma kada ka fara da cikakkiyar zamiya. Fara daga mirgina zalla, ka riƙa ƙara zamiyar a hankali, kowane mataki ya ɗora a kan amsar na baya.

Akwai na biyu da nake zargi. A mashiga, ba duk man da ya zo ke samun shiga ba, wani yana juyawa baya. In kana bin ikweshin makamashi daga hagu zuwa dama kamar duk man gaba yake tafiya, a wannan yankin kana tuƙi ne a hannun da ba naka ba. Dole ka duba alamar gudun a kowane ɗigo, ka ɗauki zafin daga inda man ya fito.

Bakanike_Sittin
Ku yi haƙuri malamai, ni ba ɗan boko ba ne sosai, giyabos nake kwancewa shekara da shekaru. Wai ƙarfen giya ne kuke cewa yana lotsawa? Wanda ko zarto ba ya kama shi? Kuma mu kaurin mai muke cewa, ku kuna cewa danƙo.

Dattijon_Giya
Barka da zuwa, Oga Bakanike, tambayarka ita ce tushen maganar. Mun bar kauri ga shimfiɗar man da ke raba ƙarafan biyu, shi ya sa muke kiran ɗayan danƙo don kada su cakuɗe. Ƙarfen yana lotsawa, amma na 'yan maikiron, kuma yana komawa da zarar haƙorin ya wuce. Wurin da haƙoran ke taɓa juna ɗan siririn layi ne, faɗinsa bai kai rabin milimita ba, duk nauyin kuma a nan yake sauka.

Bari in ba ka tarihin a gajarce, don yana da daɗi. A 1916 Martin ya ɗauki lissafin da Reynolds ya fitar a 1886 ya sa wa haƙoran giya, ya ɗauka ƙarfe ba ya lotsawa, danƙo kuma ba ya canzawa. Kaurin da ya samu ya yi ƙanƙanta ƙwarai, bai kai tsayin kaushin fuskar ƙarfen ba. A lissafi ke nan kamata ya yi giya ta cinye kanta. Amma masu irin aikinka suna buɗe giyar da ta daɗe tana aiki su tarar da sawun injin da ya yanka ta yana nan. Sai a 1949 aka buga aikin da ya haɗa abu biyun, lotsawar ƙarfe da hawan danƙo a ƙarƙashin matsi, da sunan Grubin a Rasha, ko da yake daga baya an tabbatar da cewa Ertel ne ya fara fitar da shi. Petrusevich ya hango tsinin matsin nan a 1951, Dowson da Higginson kuma suka warware matsalar EHL da lambobi a 1959. Man da ka zuba yana kwarara, in ya shiga tsakanin haƙoran yakan daskare kamar gilashi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya fito ya koma yadda yake.

Bakanike_Sittin
Ikon Allah. Na gode Baba. Ashe shi ya sa.

FEM_Kawai
Mu koma tambaya ta biyu, don ita ta fi muhimmanci kuma ba a taɓa ta ba. @Dalibi_Tiraibo, abin da ka gani gaskiya ne, kaurin bai cika damuwa da zafin tsakiya ba. A mashiga ake yanke hukuncin kauri. Duk man da ya samu shiga ya shiga, abin da zai same shi a tsakiya ba zai canza yawansa ba. Gogayya kuwa a tsakiya ake yin ta, inda matsi ya fi yawa, kuma nan ne zafin yake. Don haka ka faɗa mana me kake nema. In kauri ne kawai a matsakaicin gudu, rufe kwamfutar ka yi amfani da fomula. In asarar ƙarfi ce ko ƙunar haƙori, ba ka da mafita sai zafi.

Dalibi_Tiraibo
Asarar ƙarfi ce a haɗuwar haƙoran. Taken aikin ke nan.

FEM_Kawai
To ka ba kanka amsa.

Yar_Riyoloji
Ga wani ɗan lissafin hannu da zai nuna maka girman abin. Ka ce ƙarfin jan na gaskiya MPa 50 ne, zamiya mita 2 a daƙiƙa. Zafin da ke fita megawat 100 ne a kowace murabba'in mita. In kaurin maikiron 0.3 ne, man kuma yana wuce da zafi da 0.14 W/mK, tsakiyar shimfiɗar za ta fi fuskar ƙarfen zafi da wajen digiri 27. Wannan ban da tashin zafin fuskar ƙarfen kanta, wanda Blok ya yi bayaninsa a 1937. Haɗa su biyun ka ga abin da zai sami danƙon. Amma ka lura, 0.14 ɗin nan na mai ne a sarari. A ƙarƙashin matsi man yana wuce da zafi fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa suna barin adadin a tsaye cikin kod.

Mai_Boris
Ina so in ɗan yi gyara ga @FEM_Kawai. Cewa zafi ba ya taɓa kauri ba ko'ina ba ne. A boris mai gudu sosai, ko da babu zamiya ko kaɗan, man da ke juyawa baya a mashiga yana gugar kansa ya yi zafi tun kafin ya shiga. Danƙo ya sauka a daidai wurin da ake yanke hukuncin da ka faɗa. Shi ya sa fomular Hamrock da Dowson take ba da kaurin da ya wuce na gaskiya in gudu ya yi yawa, har sai an ninka ta da adadin gyara, irin wanda Murch da Wilson suka fitar a 1975.

FEM_Kawai
Na ce a matsakaicin gudu, Injiniya. Koma ka karanta.

Mai_Boris
Na gani, afuwan. Amma tunda na buɗe baki bari in ƙarasa. Mu a wajen boris damuwarmu daban ce. Zamiyar kaɗan ce, sai dai 'yar wadda lanƙwasar hanyar ƙwallo ke jawowa, da juyin da ƙwallon ke yi a kan kansa a boris mai kusurwa. Babban ciwon kanmu shi ne yawancin boris giris ake sa musu. Ƙwallo ya wuce ya ture man gefe, kafin ya dawo na bayansa ya iso. Duk kod ɗin da ya ɗauka mashiga cike take da mai yana lissafin wani boris ne da ba shi ke cikin injin ba. Na taɓa ɓata mako shida ina gyara lissafin zafi na wani boris da ke yawan mutuwa a wata masana'anta, ashe sam man ba ya isa wurin. Aka bar jaki ana dukan taiki.

Dattijon_Giya
Abin da Mai_Boris ya faɗa yana da ɗan'uwa a giya, kuma shi nake so ɗalibin nan ya ji. Wane zafi kake sa wa man a mashiga? In na tankin mai ne, ka yi kuskure tun kafin kwamfuta ta fara aiki. Shimfiɗar man siririya ce ƙwarai, tana taɓa haƙori take ɗaukar zafinsa, jikin haƙorin kuma ya fi tanki zafi. Ɗauki man ISO VG 100: a digiri 40 danƙonsa 100 ne, a digiri 100 ya sauka zuwa wajen 11. Sau tara ke nan. Kauri yana bin danƙo da ƙarfin 0.7, wato ya ragu fiye da sau huɗu da rabi. Gwada wannan da nauyi: a fomular Hamrock da Dowson, in ka ninka nauyi biyu kaurin tsakiya bai ragu da kashi 5 cikin 100 ba, in ka ninka gudu biyu kuma ya ƙaru da kusan kashi 60. Kuna nan kuna faɗa a kan lamba ta uku bayan ɗigo, alhali zafin jikin haƙorin da kuka sa kirdado ne. Ni a aiki, in na samu wannan adadin daidai, hanyoyin ISO 6336, ƙa'idar lissafin ƙarfin giya, sun ishe ni yawancin lokaci.

Malam_Maltigirid
Baba, da girmanka, ISO 6336 ɗin ma ai sai ka ba ta ma'aunin gogayya kafin ta ba ka zafi, kuma wannan ma'aunin daga fomular gwaji yake, ta man da aka gwada a injin gwajin giya na FZG a Munik ta Jamus. Ranar da aka kawo maka sabon mai ko sabon rufin haƙori, daga ina za ka samo shi? Nan ne aikin yaran nan yake da amfani.

Dattijon_Giya
Ranar sai in kai shi injin gwaji. Gani ya kori ji.

Dalibi_Tiraibo
Malamai, ga inda aka kwana. Na ja mashiga zuwa -4.5, kaurin ya ƙaru kaɗan kamar yadda Malam ya ce. Na gyara wurin man da ke komawa baya, na rage abin da nake karɓa daga sabon zafi. Yanzu yana zama har zamiya ta kai 0.3 na mirgina, bayan nan sai matsin ya fara yin haƙora-haƙora a tsakiya. Kuma kowane gwaji yana cin awa biyu. Wane samfurin mai zan sa? Na ga samfurin Eyring, na man da ke sakin jiki in an ja shi da ƙarfi, a takardu da yawa.

Malam_Maltigirid
Haƙora-haƙoran nan tsohon ciwo ne. A tsakiya danƙo ya yi yawa, kauri ya yi kaɗan, sai ɓangaren ikweshin Reynolds da matsi ke tura mai ya kusan zama sifili. Abin da ya rage ikweshin jigila ne kawai, Gauss-Seidel na yau da kullum kuma ba ya iya riƙe shi. Awa biyun kuma lotsawa ce ke cinye ta, don kowane ɗigo sai ya ji matsin duk sauran ɗigon, aikin yana hawa da murabba'in yawansu. Maganin duka biyun an same shi a Jami'ar Twente ta Holan: Lubrecht ya kawo maltigirid, wato warwarewa a kan raga masu matsewa daban-daban, cikin lissafin EHL a 1987, shi da Brandt suka fitar da hanyar haɗa lotsawa mataki-mataki a 1990, Venner ya kammala a 1991 da salon sassautawa da ke jure babban nauyi. Ka bi wannan, awa biyunka za ta koma daƙiƙoƙi.

FEM_Kawai
Ko kuma ya huta da duk wannan wahalar. Hanyar da Habchi ya fitar a Liyon ta Faransa a 2008 tana warware matsi da lotsawa a tare, da FEM, wato raba ƙarfen ƙananan yankuna a lissafa kowanne, da Newton-Raphson, zagaye kaɗan ta zauna. Ba ruwanka da daidaita adadin sassautawa kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo. Haƙoran matsin ma akwai hanyoyin kwantar da su da aka aro daga lissafin kwararar ruwa. Kuma in gobe aka ce haƙorin yana da rufi, ko na roba ne, sai ka canza kayan kawai. A maltigirid an ɗauka ƙarfen dunƙule ne guda marar iyaka.

Malam_Maltigirid
Sai ka sa kaushin fuska na gaskiya a haɗuwar ƙwallo, mai canzawa da lokaci, mu ga inda ƙwaƙwalwar kwamfutarka za ta kai.

FEM_Kawai
Yaron haɗuwar layi yake yi, Malam. Ko tsohuwar laftof za ta ɗauka.

Uwar_Lab
Ku biyun nan duk wata sai kun yi wannan faɗan. Mutanen Jami'ar Kadif ta Birtaniya ma suna da tasu hanyar ta haɗa lotsawa da Reynolds, kuma a kan giya mai kaushi suka fi amfani da ita, amma ba wanda ke ambatonsu. Duk hanyar da ka bi, in ragar ta isa, amsa ɗaya za ka samu. Ni abin da zan tambaya shi ne wane adadi ka sa na wucewar zafi a ƙarfe?

Dalibi_Tiraibo
46 W/mK, Hajiya. Shi na gani a kusan duk takardun.

Uwar_Lab
Na san za a rina. Wannan na ƙarfen da ba a ƙarfafa ba ne. A 2019 Reddyhoff da abokan aikinsa a Imperial ta Landan sun auna na ƙarfen boris 52100 da aka ƙarfafa, suka samu kusan 21. Ƙasa da rabi. Tashin zafin fuska yana tafiya ne da kishiyar tushen wannan adadin, don haka ya ƙaru da kusan rabi. Shekaru ana kwafar 46 daga takarda zuwa takarda, ana kuma murɗa adadin man har lissafi ya dace da gwaji. Naka ƙarfen giya ne, ba lallai ya zama 21 daidai ba, amma fatar haƙorin da aka ƙarfafa ita zafin ke gani. Lissafa ka gani: faɗin milimita 0.3 a gudun mita 6 a daƙiƙa, maikirosakan 50 ke nan, zafin ba ya nutsewa fiye da wajen maikiron 20 a wannan lokacin. Wannan kuma yana gaya maka ragar cikin ƙarfen dole ta matse sosai kusa da fuska.

Yar_Riyoloji
Maganar murɗa adadi ta kawo mu tambayar Eyring. Ra'ayina, kuma na san wasu za su taso mini: Eyring tana da farin jini ne don adadi ɗaya take buƙata, kuma ana ciro shi daga gwajin gogayyar da ake son a hango. Ka ciro amsa daga gwaji, ka mayar cikin kod, kod ya ba ka gwajin, ka ce an tabbatar. Abin da Bair na Jojiya Tek ya daɗe yana faɗa ke nan: a auna danƙon a na'urar babban matsi, dabam da haɗuwar, a sa wani samfurin sakin jikin mai irin na Carreau, sannan a ga ko lissafin zai hango gogayyar ba tare da an taɓa komai ba.

Uwar_Lab
Ni kuma ina ɗaya ɓangaren, ƙanwata. Amsar su Spikes na Imperial ita ce babu na'urar da ke kai man ga yanayin da yake shiga a haɗuwa ta gaskiya, matsi da saurin zamewa a lokaci guda cikin maikirosakan kaɗan, ba tare da zafi ya ɓata awon ba. Don haka ke ma tsawaita layi kike yi zuwa inda ba ki auna ba. Johnson da Tevaarwerk ba da ka suka zaɓi Eyring a 1977 ba, siffar gwajin ce ta nuna musu. Muhawarar nan an yi ta a mujallu da zafi, ba a kuma rufe ta ba.

Yar_Riyoloji
Yaya, ko Eyring ɗin ce ai sai an ɗora mata iyakar ƙarfin ja a babban matsi, irin wadda Bair da Winer suka nuna a 1979. In ba haka ba gogayyar za ta yi ta hawa.

Dan_Kallo
Ni ban gane rabin abin da kuke faɗa ba amma ina jin daɗin karatu. Tambaya ɗaya: an taɓa ganin shimfiɗar man nan da ido, ko duk a kwamfuta take?

Uwar_Lab
An gani. Tun 1963 Gohar da Cameron suka danna ƙwallon ƙarfe a kan gilashi suka haska, launukan hasken suka nuna kaurin, da siffar kofaton doki a gefe da bayan haɗuwar. Har yau da wannan dabarar muke aunawa, zuwa 'yan nanomita. Zafin fuska kuma ana ganinsa da kyamarar infrared ta cikin faifan saffaya.

Mai_Boris
Wani abin da zai ƙarfafa wa ɗalibin gwiwa: a Luleya ta Suwidin, Björling da abokansa sun nuna cewa rufin DLC, siririn rufin kabon mai kama da daimon, yana rage gogayya ko da ƙarafan ba sa taɓa juna sam. Rufin ba ya wuce da zafi sosai, sai ya tsare shi a cikin man, danƙo ya sauka, gogayya ta ragu. Kod ɗin da babu zafi a cikinsa ba zai taɓa ganin wannan ba, don a wurinsa rufin da babu rufin duk ɗaya ne.

Dattijon_Giya
Wannan kam na sallama. Amma har yanzu ba wanda ya gaya wa yaron cewa giya ba faifai biyu ba ce. Daga shigar haƙori zuwa fitarsa, lanƙwasa tana canzawa, gudu yana canzawa, zamiya tana sauka zuwa sifili a tsakiyar hanya ta juya alama. Nauyin ma tsalle yake yi, lokacin da haƙora biyu-biyu ke ɗauke da shi ya koma kan guda. Wurin da ya fi wahala shi ne farkon haɗuwa, a gindin haƙorin ƙaramar giya: lanƙwasa ta matse, zamiya ta yi yawa, mai ya yi siriri. Nan muke fara ganin ƙananan ramukan nan masu sa haƙori ya yi toka-toka.

Bakanike_Sittin
Wallahi haka ne Baba, kullum daga ƙasan haƙori yake farawa. Mu cewa muke yi man ne ba shi da kyau.

Malam_Maltigirid
Wani lokacin man ne, wani lokacin kaushin ne ya fi kaurin man tsayi. @Dalibi_Tiraibo, don asarar ƙarfi kana iya raba hanyar haɗuwar gida 30 ko 40 ka warware kowanne kamar a tsaye yake. Kusa da tsallen nauyi ne kawai wannan ke yin ƙarya, don man da ya riga ya shiga sai ya gama ratsawa kafin kaurin ya san an canza nauyi.

Dalibi_Tiraibo
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sa Roelands da Eyring tukuna, don su nake da adadinsu, Anti Yar_Riyoloji ki yi mini afuwa. Na canza salon sassautawa a tsakiya, haƙoran matsin sun kwanta, yanzu yana kai zamiya 1.0 bai watse ba. Gogayyar tana hawa, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara sauka in zamiya ta ƙaru, kamar yadda nake gani a zanen gwaje-gwaje. Ba tare da zafi ba hawa kawai take yi. Amma ga sabuwa: da na sauya 46 zuwa 21, gogayyar a babbar zamiya ta sauka har ta koma ƙasa da awon faifai biyu da malamina ya ba ni, alhali da 46 sun dace sosai. Yanzu wanne zan rubuta?

Yar_Riyoloji
Adadin Eyring ɗin da kake amfani da shi, daga wace takarda ka ɗauko, kuma su wane adadin ƙarfe suka sa lokacin da suka ciro shi?

Uwar_Lab
Kuma faifan malaminka, a ina aka manna ma'aunin zafinsa, a jikin faifan ko a bututun mai?

Dalibi_Tiraibo
Takardar 46 suka sa. Ma'aunin kuma sai na tambaya gobe, ina jin a bututu yake.